Hannun Birki Mai Jan Zare

"Lafiya lau, Ango. Ya gajiyar shiga shagon mutane ba sallama?"

Tartsatsi ba ta ko ɗago kai daga batirin da take gwadawa ba ta jefa wa kakanta wannan gaisuwa. Shi kuwa Tsoho yana tsaye a bakin shagonta, ya turo kekensa da hannu maimakon ya hawo shi, kwandon gaba ya lotse, fitila ta karkace tana kallon rufin kwano.

Shi ya laƙaba mata Tartsatsi tun tana rarrafe a cikin tayoyin rumfarsa, lokacin yana gyaran keke, kuma a gabansa ta koyi riƙe sifana. Yanzu ita ke da shago, tana gyaran kekuna masu batir. Da kakarta ta rasu, gwiwoyinsa kuma suka ƙi taka feda, Tsoho ya koma zaman ɗaki, magana ma sai an roƙa. Kawunta ne ya sayo inji da batir, ita ta ɗaura wa tsohon kekensa, mutum ya dawo duniya, kullum yana kan titi yana neman wanda zai tsokana. To jiya keken ya kwashe shi ya shige da shi shagon mai aski. Da sassafe Kawu ya kira ta ya yanke hukunci: ta duba keken, in ta tarar lafiyarsa ƙalau, to hannun Baba ne ya gaza, da la'asar zai zo ya ɗauke batirin kowa ya huta. Tsoho ya san da wannan magana. Ita ma ta san ya sani.

"Wa ya ce ban yi sallama ba?" in ji Tsoho. "Na yi. Keken ne ya riga sallamar shiga."

"An ce mai aski ya daka tsalle ya haye benci da almakashi a hannu."

"Motsa jiki na sa shi. Tumbinsa ya yi yawa, likita ma zai gode min."

"Wanda ake yi wa askin kuma ya fita a guje da rabin kai."

"Yayi ne. Ki zuba ido, duk samarin layin haka za su koma. Ke ma da za ki samu mai rabin kan ya kwashe ki, da na huta da ciyar da mace mai warin gam."

"Ciyarwa? Yaushe rabon da in ga ko ƙwayar gishirinka? Kuma ni in na bar ka wa zai ɗauka? Ko gwanjo aka kai ka sai an haɗa da kyautar keken."

"Ke dai ba ki san darajar abin da Allah ya ba ki ba. Jiya da na faɗi, mata ne suka yi layi suna yi min sannu."

"Kwandon suke yi wa sannu. Me ya tsorata ka ma tukuna?"

"Wata ƙatuwar motar kaya ce ta taso min, ba ham ba komai."

"Waɗanda suka gani sun ce kaza ce."

"Ƙatuwa ce dai."

Ta ajiye abin gwajin ta taso, tana goge hannu a jikin rigar aiki. Tsoho ya yi wuf ya gyara tsayuwa, ya sa ƙirjinsa ya kare kan keken.

"Kwando kawai na kawo ki miƙe min. Sauran duk na duba da kaina, garau yake."

"In garau yake, to ka yi ban kwana da batir, don haka Kawu ya ce."

"Kawunki! Yaron da na koya wa ɗaure wando."

"Matsa in ɗora shi a kan ƙarfen da nake rataye keke."

Ya matsa, amma kamar ana cire masa haƙori. Sai a lokacin ta lura da abin da yake karewa. Hannayen birkin duka biyu an zura musu safa, ɗaya ruwan toka, ɗaya mai ratsi, an ɗaure bakinsu da roba.

"Ango, keken naka mura yake yi?"

"Ƙura nake kare masa."

"Birki kaɗai ƙura take so? Sirdi fa, ba ka sa masa hula ba?"

"Ke ina ruwanki da suturar mutane? Mace ta gari ba ta binciken aljihun miji."

"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ranar wanka kuma ba a ɓoyon cibi."

Ta fizge safar mai ratsi. Abin da ta gani ya sa ta tsaya da safar a hannu. Ba baƙin hannun birkin da ta sa masa ba ne. Tsohon nasa ne na ƙarfe, wanda tafin hannu ya goge har yana sheƙi, an naɗe shi tsaf da jan zaren roba tun daga tsakiya har ƙarshe. Ta san zaren nan. Kakarta ce ta saƙa shi da hannunta, wai ƙarfen yana ƙona masa yatsu in rana ta buga. Tana yarinya, in ya ɗora ta a gaba, zaren nan take wasa da shi har su isa gida. Ranar da ta ɗaura injin ita da kanta ta kwance su, ta sa a gwangwani ta miƙa masa ya adana.

"Ina baƙaƙen da na sa maka?"

"Suna ƙarƙashin gado suna hutawa."

"Me suka yi maka?"

"Roba ce fa. Ko cokali aka yi da irinta ba zan ci abinci da shi ba, balle in damƙa mata raina."

"Siraran wayoyin da ke jikinsu fa?"

"Wannan gashin bakin? Ado ne na 'yan zamani. Ni birki da waya ɗaya na san shi, ta ƙarfe, ka ja ta ja. Na zare su, na naɗe bakin da salatif, na tura ƙarƙashin fitila. Duba ki ga aiki, ko ke ba ki iya naɗi haka ba."

Ta leƙa. Gaskiya naɗin ya yi kyau, ko a makaranta sai a nuna wa ɗalibai. Ta dafe kai.

"Inna lillahi. Ashe da hannunka ka kori ɗan aike."

"Wane ɗan aike?"

"Wayar nan gulma ce aikinta. Kana taɓa birki sai ta ruga ta gaya wa inji, maigida ya ce a tsaya, inji ya ɗauke wuta. Kai kuma ka sallame ta. Da kaza ta gifta..."

"Mota."

"Da motar mai fuka-fuki ta gifta, ka damƙe hannu biyu da ƙarfi. Yatsu suna jan birki suna cewa tsaya, tafin hannun dama ya murɗe totur yana cewa mu je. Wa kake so keke ya ji?"

"Ai kuwa na dama ya ji. Da shi ake cin abinci."

"Keken da ka sani, in ka daina taka shi ya daina tafiya. Wannan kuwa ba ruwansa da ƙafarka. Birkin da aka yi don ya tsayar da ƙashin tsoho ɗaya, ka haɗa shi kokawa da inji."

"Ƙashin tsoho? Ni da na taɓa ɗauko buhu uku da kakarki a kan keken nan, na hau gangare ina fito?"

"Bara buhu biyu ka ce."

"Na tuna ɗayan ne daga baya."

Ta yi dariya, amma ta san dariya ba za ta kai su la'asar ba. Ta jingina da tebur ta harɗe hannu.

"To ga hanya biyu, Ango. Ko ka je ka zaro baƙaƙen daga ƙarƙashin gado in mayar, in gaya wa Kawu gwanin gwanaye ne ya yi wa kekensa tiyata. Ko kuwa in yi shiru, ya ce hannunka ne, ya tafi da batir."

Ta zaci zai yi tsalle ya rantse, ya kawo labarin wani gangaren. Bai yi ba. Ya miƙa babban yatsa yana shafa jan zaren a hankali.

"Ki ce masa hannuna ne."

"Me ka ce?"

"Na yi ta yawo da baƙaƙen nan, Tartsatsi, kamar ina kan keken aro. Keke nawa ne, sirdi nawa ne, amma in na kai hannu sai in ji baƙo. Da na mayar da waɗannan..." Ya share maƙogwaro. "Ke dai ki ce hannuna ne. Dama gwiwa ta tafi, hannu ma ya bi ta, ba abin kunya ba ne."

Tausayinsa ya kama ta. Ta tuna watannin da ya yi a ɗaki yana kallon bango, ana kai masa abinci ana dawowa da shi. In batirin nan ya tafi, can zai koma, kuma wannan karon ba ta san me zai fito da shi ba. Ta juya masa baya ta ja aljihun tebur da ƙarfi, tana ta birkita kaya fiye da yadda ake bukata, har idonta ya bushe.

"Allah ya sawwaƙe," ta ce. "In ka zauna a gida ni za ka dama da aike. Gara ka yi ta yawo kana tsorata masu aski. Miƙo hannu."

Ta zuba masa abu a tafi: wasu baƙaƙen 'yan ƙwayoyi biyu masu jelar waya, da maganaɗisu biyu da ba su fi ƙwayar wake ba.

"Wannan kuma maganin me? Da ruwa ake sha?"

"Sabon ɗan aike ne. Wannan baƙin zan manna a jikin gindin birkin, maganaɗisun kuma a kan hannun da kake ja. In suna kusa da juna, inji ya yi aikinsa. Kana jan birki suka rabu, wuta ta ɗauke. Ƙarfenka yana nan, zarenka yana nan."

Tsoho ya kalle ta, ya kalli tafinsa. Fuskarsa ta so ta yi wani abu, ya hana ta.

"Wannan ɗan mitsitsin ne zai ba inji umarni?"

"Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kai ma ai ba wani girma gare ka ba, ga shi ka tayar da layi guda."

"Kuma kina da shi tun farko kika tsaya kina yi min shari'a?"

"Ina so in ga ko kana da kunya ne. Ban samu ba."

Ta kawo ƙyalle da sinadarin goge maiƙo ta fara share gindin ƙarfen. Tsoho ya jawo kujera ya zauna dab da gwiwar hannunta, ya zama sufeto.

"Kar ki taɓa zaren."

"Ban taɓa ba."

"Ruwan nan naki zai cinye launin."

"Ango, numfashinka ya fi shi cin launi. Ja baya."

"Haka na koya miki riƙe sukudireba? Kamar mai tsince shinkafa?"

"Wanda ya koya min ya shiga shagon aski da keke, ka ga dole in rage wasu darussan."

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ke ma ranarki tana zuwa, sai dai ke shagon mai gilashi za ki shiga."

Ta manna baƙaƙen ƙwayoyin, ta sa gam a maganaɗisun ta ɗora kowanne can sama da inda zaren ya fara, ko gashinsa bai taɓa ba. Ta warware kyakkyawan naɗin salatif ɗinsa, yana ta kuka da ɓarnar aiki, ta haɗa wayoyin a mazauninsu, ta bi su da maɗauri a jikin ƙarfe. Da gam ya kama, ta kunna makulli. Tayar baya tana rataye a sama.

"To buɗe ido ka ga ilimi."

Ta murɗa totur. Taya ko gezau.

Ta sake murɗawa. Shiru kake ji. Tsoho ya kwantar da baya a kujera, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, farin ciki ya cika masa fuska kamar an yi masa albishir.

"Kai, madalla! Wannan birki ya yi. Keken da ba ya tafiya ai ba ya karo. A kira kawunki ya zo ya ga aikin 'yar'uwarsa."

"'Yar ƙanwarsa."

"Ko 'yar wa ce, ta kashe min keke. Da ma kin bar ni da kazata."

Ta duba wayoyi, lafiya. Ta duba batir, cike. Ta cire wayar birkin dama ta gwada, har yanzu shiru. Zufa ta fara tsattsafo mata a goshi, ba don aikin ya fi ƙarfinta ba, sai don wanda yake kallo. Tsoho ya bar ta ta ɗan dahu, yana fito a hankali, sannan ya miƙa ɗan yatsa ya tura hannun birkin hagu gaba kaɗan, abin da bai kai kaurin farce ba.

"Murɗa yanzu."

Ta murɗa. Taya ta ɗauka da ƙugi.

"Na hagun nan malalaci ne," in ji shi. "In ka sake shi ba ya komawa gida duka, sai ya tsaya a zaure. Tun kafin a haifi uwarki haka yake, ni nake tura shi da yatsa ban ma san ina yi ba. Ɗan aiken naki ya ga ƙofa a buɗe, ya zaci har yanzu ana jan birki."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"Ina so in ga ko kina da kunya ne."

Ya zura hannu a aljihun ciki ya zaro tsohuwar sifanarsa, wadda ko ɗansa na cikinsa bai taɓa yarda ya riƙe ba. Ya sassauta ƙusar gindin, ya gyara zaman sifirin, ya ɗiga mai, ya ɗaure. Hannun da Kawu yake cewa ya gaza ko rawa bai yi ba. Ya ja birkin ya saki, ƙarfe ya koma mazauninsa da ɗan ƙaras.

"To ni zan riƙe totur har ƙarshe, kamar na ga kaza," in ji Tartsatsi. "Kai ka taɓa birki."

Ta murɗe shi duka. Taya ta yi ta ihu har kwandon da ya lotse yana kaɗawa. Tsoho ya ɗora yatsu biyu a kan jan zaren ya ɗan ja. Ƙugin ya yanke nan take, tun kafin robar birki ta kama ƙarfen taya, alhali hannunta yana kan totur bai saki ba.

"Sake," ya ce.

Suka sake da na dama. Suka sake da na hagu. Ya ce a ƙara, aka ƙara. A na ƙarshen bai ɗauke yatsunsa daga zaren ba.

"Haka kakarki takan yi min," ya ce. "Ina tsakiyar faɗa da mutum, na kumbura, na murɗe har ƙarshe, sai ta zo ta ɗora min yatsu biyu a hannu. Ba ta cewa komai. Sai in ji wuta ta ɗauke."

Tartsatsi ta saki totur. Ta ɗauki waya ta kira Kawu, ta sa yadda Tsoho zai ji.

"Kawu, na duba. Wayar da ke kashe inji in an ja birki ce ba a haɗe take ba. Na haɗa, na gwada. Hannun Baba kuwa, yanzu a gabana ya gyara abin da ya gagare ni. Ka bar masa batirinsa."

Kawu ya tambaya ko ta tabbata, ta ce ta tabbata, ya yi hamdala ya ajiye. Tsoho ya saki numfashin da yake riƙe da shi tun jiya.

"Ba ki gaya masa wanda ya zare wayar ba."

"Bai tambaya ba. Amma lambarsa tana nan, kuma bakina yana ƙaiƙayi. Sai ka faɗa da bakinka wa ya fi wani iya gyara."

"Ni na gano na hagu."

"Ni na gano safa."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda take sa shi tari, har da buga gwiwa. Da ya lafa ya juya sifanar a hannunsa, ya miƙa mata ta wajen mariƙi.

"Na sallama. Ungo, kafin in dawo hayyacina."

Ta karɓa da hannu biyu. Yatsunsa ne suke rufe mariƙin ɗazu, sai yanzu ta gani: shi ma naɗe yake da jan zaren, ya yi baƙi-baƙi don tsufa da maiƙo.

"Ango, wannan ai..."

"Sadakinki ne, kar ki sake cewa ban taɓa ba ki komai ba. Kuma in kika bar ta ta yi tsatsa, saki uku."

Ya sauke keken daga kan ƙarfe da kansa, ya cusa safa a kwandon da har yanzu ba a miƙe ba, ya haye sirdi. A bakin ƙofa ya murɗa kaɗan, ya ja birki, keke ya tsaya cak. Ya gyaɗa kai kamar shi ya ƙirƙiro abin.

"Ina kuma za ka?" ta ɗaga murya, sifanar tana ƙirjinta.

"Wajen mai aski. Akwai haƙurin da zan bayar, da rabin kan da za a ƙarasa."

"Ka dai yi sallama!"

"Yau sallamar ce za ta riga keken shiga," in ji Tsoho, ya murɗa totur ya hau titi.